Fursunonin da ke Ƙirjin Kawu

Litinin, 3 ga Fabrairu

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu. Ki gaishe mini da mahaifiyarki, wadda rabonta da ƙofar gidan nan tun zaman makokin matata, ko da yake ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito. Ni lafiya lau, gwiwar da ke damuna ma ta yi sauƙi.

Sai da na maimaita karanta wasiƙarki kafin na yarda ni ake nufi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ba wanda ya tambaye ni komai a kan aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa. Tun da shugaban cibiyar bincikenmu ya ɗauke gurbin ƙarin karatun da aka ware mini ya miƙa wa ƙanin matarsa, na kwashe takarduna na koma koyarwa a sakandare, dangi suka yanke cewa Kawu mai baƙin rai ne, daga nesa ake gaishe shi. Yanzu da jarrabawar likitanci ta matso ki, an tuna akwai wani a zuri'a da ya taɓa leƙa madubin ƙwayoyin cuta. Ba komai. Sunan mahaifiyata gare ki, ba ni da bakin ce miki a'a. Amma kada ki neme ni a waya, kunnena ya yi nauyi. Direban da ya kawo taki shi zai riƙa kai miki tawa.

Kin ce kin haddace sunaye amma ba ki gane yadda ƙwayar T ke taimakon makrofaj a garkuwar jiki ba. Laifin littafinku ne. Rufe shi tukuna.

Makrofaj ƙwayar halitta ce ta jikinmu, kuma acici ne. Yawo yake a cikin jiki yana haɗiye duk abin da bai yarda da shi ba. In ya haɗiye bakteriya sai ya kulle ta a wata 'yar jaka a cikinsa, ya jawo wata jakar mai guba ya haɗe su. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan labarinsu ke ƙarewa. Amma akwai masu wayo, uwargijiyarsu ita ce ta tarin fuka, wadda na yi wa bauta. Ita in an haɗiye ta sai ta hana jakar gubar isowa, ta zauna a cikin wanda ya kama ta tana ci tana hayayyafa. Ki ɗauka mai gadi ne ya kulle ɓarawo a sito, ɓarawon ya danna sakata ta ciki ya hau cin kaya.

Me ya rage wa mai gadi? Ya tsinci ƙyallen rigar ɓarawon ya ɗaga a taga. Wato makrofaj ya ɗora guntun jikin ƙwayar cutar a kan wani faranti da ke fatarsa, shi ne MHC na biyu a littafinku. Ƙwayoyin T masu taimako suna ta wucewa, kowacce da irin ƙyallen da ta sani. Wadda aka riga aka nuna wa wannan ƙyalle a kaluluwa, ita ce za ta tsaya. Abu biyu take yi. Ta kama hannunsa, shi ne CD40 da abokinsa da kike ta haddacewa. Sannan ta fesa masa wani sinadari, intaferon gama. Riƙon hannun da feshin tare suke aiki, ɗaya ba ya wadatarwa sosai in babu ɗayan.

Daga nan mai gadi ya zama wani mutum. Ya ɓalle sakata, ya haɗe jakunkunan, ya dafa sababbin gubobi masu ƙuna, ya ƙara jera faranti, ya kuma aika wa ƙwayar T saƙon ta ƙara himma. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ƙwayar T ba ta kashe kowa a nan ba, ko tsinke ba ta kawo ba. Makaman duk suna wurin makrofaj tun farko. Izini ne kawai babu. An yi shi haka ne don gubarsa ba ta san ɓarawo ba, ba ta san kayan sito ba, in ya sake ta yadda ya ga dama sai ya ƙone naman mai shi.

Na san yadda ake ji a zauna da kayan aiki cikakku ana jiran sa hannun wani. Ga zane a bayan takarda.

Kawunki

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gwiwa, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara afuwa. Mama ta ce in gaishe ka, ta ce ta san ta yi laifi, kunyar daɗewar ce ke ƙara hana ta zuwa.

Kawu, abin da malaminmu ya kwashe mako yana yi ban gane ba, ka gama shi a takarda biyu. Mu huɗu ne a ɗakin kwana, duk mun kwafe. Sai dai an yi gardama a kan zanen. Ni na ce mai gadi ne, ƙawata ta rantse akuya ce ta sa hula. Yanzu duk ajinmu in an ce makrofaj sai wani ya yi kukan akuya daga baya. Ka yi haƙuri, sunanka ya shiga makaranta ta ƙofar da ba ka zata ba.

Saura tambaya ɗaya. In dai ƙwayar T na zuwa ta ba da izini, makrofaj kuma ya kashe, me ya sa tarin fuka bai ƙare a duniya ba? Kuma me ya sa mutum zai shaƙi ƙwayar yana saurayi, ciwon bai tashi ba sai ya tsufa?

Ba don jarrabawa kawai na rubuto ba. Ina tuna ranar da ka ɗora ni a kujera ina 'yar ƙarama ka nuna mini fatar albasa a madubinka. Tun ranar na ƙi yarda in zama wani abu dabam.

'Yarka

Lahadi, 9 ga Maris

Uwata,

Na gaishe ki, na gaida 'yan ɗakinku, har da mai akuya. Ki ce mata wanda bai iya bambanta mutum da dabba ba, Allah ya kiyaye marasa lafiya daga hannunsa. Ni kam lafiya ta samu, zan ba ki labari a ƙasa.

Tambayarki ta fi ta farko kyau. Amsar ita ce ba kullum ake cin yaƙin ba, wani lokaci kunnen doki ake yi. Ƙwayar tarin fuka fatarta kamar kakin zuma take, ko an sake mata guba wasu na tsira. To sai jiki ya sauya dabara. Makrofaj su taru su yi dandazo a kansu, wasu har su narke su zama ƙato ɗaya, ƙwayoyin T su kewaye su ta waje suna ta fesa intaferon ba hutu. Wannan curin shi ne giranuloma. Kurkuku ne. Fursunonin ba su mutu ba, barci suke da ido ɗaya. Muddin masu ba da izini na tsaye a waje suna magana, ƙofa a rufe take. Ranar da wani abu ya rufe musu baki, ko tsufa, ko yunwa, ko ciwon suga, ko cuta mai karya garkuwa, ko wani magani, masu gadi sai su yi sanyi, katanga ta ruɓe.

Ba sai kin je nesa neman misali ba. Ni ma ina da nawa fursunonin. A shekarata ta biyu a cibiyar aka yi mana gwajin fata, hannuna ya kumbura kamar an sa ƙwai a ciki. Hoton ƙirji ya nuna ɗan tabo a saman huhun dama, bai fi ƙwayar wake ba. A lokacin ba ma sa takunkumi, da baki muke zuƙo ruwan gwaji a bututu. Shi ne kaɗai abin da cibiyar ta sallame ni da shi, kuma na riƙe mata amanarsa fiye da yadda ta riƙe tawa.

Batun gwiwa. Tun wajen watan Oktoba mai kemis na bakin layinmu yake ƙulla mini wani haɗin ƙwayoyin magani a farar leda, rawaya biyu da 'yar fara ƙarama, kullum da safe. Uwata, kamar an sauya mini ƙafa. Matakalar benen nan da nake hawa ina zagin wanda ya gina ta, yanzu sai in hau ban dafa bango ba. Ci ya buɗe, fuska ta ciko. Telan da ke shago a ƙasa ya tare ni jiya ya ce, "Malam, faɗi gaskiya, wace bazawara ce ke aiko maka da kwano?" Na ce masa wadda ta ƙi shi ce. Tari ne kawai ya ɗan dame ni kwanan nan, na jawo shi da kaina garin kakkaɓe tsofaffin littattafai saboda ke.

Ki ci abinci, ki bar shan shayi a madadinsa.

Kawunki

Litinin, 24 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan tarin ya lafa. Mu nan lafiya.

Don Allah ka ɗauko abin da ka rubuto mini ka sake dubawa, kamar wani ne ya kawo maka. Dattijo mai tsohon tabo a huhu. Wata biyar yana shan 'yar farar ƙwaya da ba ta da suna. Ciwon gaɓa ya ɗauke kamar an yi ruwa, ci ya buɗe, fuska ta yi zagaye. Yanzu yana tari. Kawu, ina jin tsoro firednisolon ne a ledar nan. Makon jiya muka karanta shi, aikinsa ke nan, rufe bakin ƙwayoyin T. In shi ne, masu gadinka sun yi wata biyar ba su ji muryar kowa ba.

Abu uku nake roƙo. Ka tambayi mai kemis sunan ƙwayar. Kada ka daina sha rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, likita ne zai rage maka a hankali. Kuma ka je asibiti a yi hoto, a gwada kakinka. Yanzu ba kamar zamaninku ba ne, akwai injin da ke gano ƙwayar cutar ko da kaɗan ce, cikin yini ɗaya.

Na san ni yarinya ce, ban gama aji uku ba. In na yi kuskure ka yi mini dariya har shekara, na yarda.

'Yarka

Asabar, 12 ga Afrilu

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Ina nan ƙalau.

Na tambayi mai kemis. Sai da ya yi ta sosa ƙeya sannan ya ɗauko gwangwanin. Kin canka, shi ne. Na ba ki maki a nan.

Saura kuma ki saurara. Na sauko da madubina daga kan kabad na goge shi. Na karɓo rini wurin wanda ya gaje ni a ɗakin gwajin makarantarmu. Kakin safiya na ɗauka, ba sau ɗaya ba, na shafa a gilashi, na gasa, na rina ja, na wanke da asid, na bi da shuɗi, yadda na yi wa dubban mutane kafin uwarki ta san za ta haife ki. Na bi gilashin lungu lungu har wuyana ya ƙage. Shuɗi ne fes, ko jan sanda ɗaya na ƙwayar tarin fuka babu. Ba zazzaɓi, ban rame ba. A zamaninmu, wanda kika ambata, in wannan idon ya ce babu, likita sallamar mutum yake yi.

Ba zan je in bi layi tun asuba don wani yaro da bai iya riƙe gilashi ba ya danna maɓalli ya gaya mini abin da na riga na gani. An taɓa gaya mini cewa an wuce da irina, a ofis, da murmushi. Ban zaci zan sake karanta shi da rubutun hannunki ba.

Ƙwayar maganin kuma zan ci gaba da ita. Wanda bai kwana da ciwon gwiwa ba shi ke cewa a daina. Ki maida hankali kan jarrabawarki, a bar wannan magana.

Kawunki

Juma'a, 2 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Wallahi ba idonka na raina ba. Inji nake nufi, ba kai ba. Da na san yadda kalmar za ta sauka da na yanke hannuna kafin in rubuta ta.

Amma ba zan bar maganar ba, ko za ka daina kula ni. Kai ka fi ni sanin sai ƙwayoyin sun kai dubbai a ɗan kaki kaɗan kafin ido ya gan su, ko idon wa ne. Kai ka koya mini cewa a cikin makrofaj suke ɓuya. Rinin nan kuma, shekara nawa ya yi a kabad ɗin makaranta? Zazzaɓin da ka ce babu, ƙwayar da kake sha ce ke danne shi, ita ce kuma ta cika maka fuska har ba ka ga rama ba. Da ɗalibinka ne ya kawo maka wannan hujja, da jan biro za ka bi ta.

Ka je, Kawu. Ka je ka ƙaryata ni da takarda.

'Yarka

Lahadi, 29 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata biyu ke nan shiru. Direba ya ce tela yake bai wa wasiƙa, bai gan ka ba. Na ce fushi ne, kuma ka isa ka yi, shi ya sa na kame bakina na ce in bari ka huce. Yanzu kuma ban san ko daidai na yi ba.

Mun gama jarrabawa. Tambayarka ta fito, ta biyu a takarda. Na rubuta ta da sunayen littafi, amma mai gadinka nake gani a gabana har na gama. Na ci, da maki mai kyau. Kai na fara son gaya wa.

An tura mu aikin asibiti, ba za a sake mu ba sai Satumba. Don haka na gaya wa Mama komai, har da ledar. Na san ba za ka so ba. Ka haɗa da wancan laifin ka yi mini faɗa gaba ɗaya.

'Yarka

Talata, 19 ga Agusta

Uwata,

Ina gaishe ki, ina taya ki murna. Na gaya wa duk wanda ke ɗakin nan cewa 'yata ta ci jarrabawa, har wanda ba ya ji. Daga gadon asibiti nake rubutu, amma an ce ƙarshen mako za a sallame ni. Ina cin abinci, ina zuwa banɗaki da ƙafata.

Fushin mako ɗaya ya yi. Wasiƙarki ta Mayu na karanta ta, na san inda gaskiya take, na ce zan je bayan an kwana biyu, don kada a ce yarinya ce ta tura ni. Kwana biyun ne suka yi ta haihuwa. Daga baya kuma ba fushi ne ya hana ni amsa ba, saukowa daga bene ne ya gagara, kuma ban so in rubuto miki ƙarya. Da na fara ganin jini a tsumma sai na daina dubawa.

Mahaifiyarki ta faɗo mini da hantsi, ko sallamar kirki babu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Yaya, haka ka koma?" Na ce, "Wa na kama, baƙuwa daga ina?" Ta ce, "Ka ajiye baƙar maganar, ka same ta a mota." Ta leƙa ta taga ta kira tela. Shi ya goyo ni a matakala, yana cewa ashe bazawarar iska take dafa mini, don kajinsa sun fi ni nauyi. Ban sami numfashin rama masa ba, na bi shi bashi.

Injin naku ya ba da amsa kafin la'asar, tarin fuka ne. Ba shi kaɗai ba, gilashi ma ya nuna. Da na yi makonni a kan magani na roƙi ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta bar ni in leƙa gilashina na ranar farko. Ta sa mini takunkumi ta ja mini kujera. Ga su nan jajaye, sirara, sun kwanta a kan juna kamar an zubar da ashana. Rininta ya yi kyau, hannunta tsaf. Na gaya mata, kin san ba na yawan faɗa. Ta ce in nuna mata yadda muke yi a da, muka ɓata rabin awa har aka zo nemana.

Farar ƙwayar an rage mini ita a hankali har an daina. Gwiwa ta dawo da kayanta duka, ta ce ina muka tsaya. Maganin tarin wata shida ne, likita ya ce ƙwayoyin cutar tawa masu jin magani ne, za su mutu. An gwada tela da iyalinsa, ba su kamu ba. Wannan ne ya fi hana ni sukuni, yanzu ya sauka. Mahaifiyarki ta share mini ɗaki a gidanku, a ƙasa, ta ce ba shawara ta kawo ba. In kin zo a Satumba can za ki same ni. Ki taho da littafin naku, ina so in ga abin da aka ƙaro a bayana. Kuma kada ki ce shirun da kika yi ne ya jawo wannan. Ke kin faɗa tun a Maris, kin maimaita a Mayu.

Kin ce in ƙaryata ki da takarda. Jiya likita ya ɗaga hoton ƙirjina a taga muka duba tare. Inda tabon yake yanzu rami ne, kewayensa duk ya ƙone ya tattare. Rabi ƙwayoyin cutar ne suka ci, rabi gubar masu gadina ce. Na tambaye shi ko zai cike in an gama magani. Ya ce a'a, naman huhu ba ya tsirowa, da a Afrilu na zo da an tsira da shi. Huhun dama kashi uku ne. Na saman ya tafi.

Kawunki